Daminar da Balkisa ta Auna Numfashin Kurminmu

Na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Garba, wai rabon gado ne ya shiga tsakanina da shi har muka yi damina guda ba mu sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba haka aka yi ba. Shi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni kuma idanuna sun fara gajiya, don haka gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya ganin layi. Ban taɓa neman ko taku ɗaya na ƙasar yayana ba, shi ma bai taɓa neman tawa ba. Abin da ya haɗa mu wasu 'yan filaye ne, kowanne bai wuce faɗin tabarmar salla ba, da kuma ɗiyata Balkisa.

Kun san sana'ata gyaran batir ce. A bakin tashar manyan motoci ta Gaya na yi rayuwata, ƙarƙashin rumfar kwano, inda motocin da suka taso daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan, ta sallame su. Direba ya kwana biyu a layi, batir ya mutu, sai a ɗauko shi a ka a kawo mini. Wannan aiki ya sa na san ruwan asid sanin da ba a koya a lakwal, wato makarantar boko. Na ga abin da ɗigo ɗaya yake yi wa riga, da fatar hannu, da ƙarfe. Matata, innarku Hajara, ta daina yi mini faɗa kan hujin tufafi tun muna da ƙuruciya, ta ware mini rigunan aiki daban, ta ce waɗannan na asid ne, ya ci abinsa.

Babanmu ya bar mana gonaki da wani ɗan kurmi a ƙauyenmu, can gefen garin Bana, a gangaren fadama. Gonakin mun raba su tun tuni ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Kurmin ne ba mu taɓa ba, domin Baba bai taɓa sa gatari a cikinsa ba, mu ma muka ga bai kamata ba. Akwai giginya, da kanya, da taura, da wata ɗorawa babba da kowa ke kira ɗorawar Baba, saboda a gindinta yake hutawa idan ya taso daga gona. Yaya Garba ne ke zaune a ƙauye yana kula da wurin. Yana rataye amya a rassa yana samun zuma, matan gidansa suna tara kalwa su yi daddawa, suna tsinko ganyen miya. Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, ƙafa tana nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Idan aka yi ruwan fari, ƙamshinta har kan hanya.

Balkisa ita ce ta uku a cikin 'ya'yana, kuma ita ce karatu ya kai har Yamai, babban birninmu, tana koyon ilimin ƙasa da itatuwa a jami'a. A shekarar da nake ba ku labari ta zo gida dab da faɗuwar damina, da wata jaka cike da guntayen tiyo masu faɗi, da kwalabe, da wani ɗan akwati mai fuskar agogo. Ta ce aikin kammala karatunta ne, wanda suke kira memuwar. Muna zaune tsakar gida bayan azahar, ina cin tuwo, ta buɗe maganar.

"Baba, so nake in auna numfashin ƙasa."

Na yi dariya. Innarku tana bakin murhu ta juyo da muciya a hannu.

"Ita ƙasar hanci gare ta?"

Balkisa ba ta ji haushi ba. Ta zauna ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a cikin ƙasar daji akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, yawansu ya wuce ƙirga, su da saiwoyin itace duk suna fitar da iska kamar yadda muke fitarwa. Idan ka kife wani abu a kan ƙasa ka auna iskar da ke taruwa a ciki, za ka san ko ƙasar tana da rai sosai ko ta yi rauni. Ta ce waɗannan halittu su ne ke cinye ganyen da ya zube su mai da shi taki, kuma suna yin haka ne da wani abu da suke fitarwa, sunansa anzim, wanda ke narkar da ganye kamar yadda yawu ke tausasa abinci a baki. Sannan ta ce a ƙasashen da masana'antu suka yi yawa, hayaƙin gawayi da na man gazuwal da manyan motoci ke sha yana hawa sama ya gauraya da hadari, ruwa ya sauko da tsami, kuma an ga dazuzzuka sun sha wahala a can. Mu ma motoci da injuna ƙaruwa suke yi. Tana so ta sani tun da wuri, idan irin wannan ruwa ya iso mu, ƙasarmu za ta iya jurewa ko a'a. Don haka za ta haɗa ruwa mai tsami da hannunta, ta yayyafa a wasu 'yan wurare cikin kurmi, ta riƙa aunawa.

"Da mi za ki sa masa tsamin?" na tambaye ta.

"Da asid, Baba. Kaɗan."

Na tsame hannuna daga tuwo. Duk wanda ya ce mini asid kaɗan ne, na san bai taɓa ƙonewa ba. Ta ga fuskata ta canza, sai ta tashi ta ɗauko wata 'yar takarda siririya da ke sauya launi idan ta taɓa tsami. Ta tsoma ɗaya cikin ruwan da ta haɗo daga Yamai a kwalabe, mafi ƙarfi a cikinsu. Ta tsoma ɗaya cikin ruwan tsamiyar da innarku ta jiƙa don kunu. Ta ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Launinsu kusan ɗaya ne. Na daɗe ina kallonsu. Hankalina bai kwanta duka ba, amma na ga ba irin ruwan da nake zubawa a batir ba ne. Na ce mata kurmi ba nawa ne ni kaɗai ba, sai mun je wurin Baffanta.

Washegari na goya ta a moto muka tafi ƙauye. Yaya Garba ya girme ni da shekaru masu yawa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma ban taɓa tsallake maganarsa ba. Mutum ne mai sauraro. Ya bar Balkisa ta gama bayaninta kaf, yana gyaɗa kai. Abin da ya ba ni mamaki, maganar numfashin ƙasa ba ta ba shi dariya ba kamar yadda ta ba ni.

"Wannan na sani," ya ce. "Duk wanda ya taɓa tura hannu ƙarƙashin ganye da sassafe ya ji ɗumi, ya san akwai mai rai a wurin. Amma ɗiyata, idan kin yarda tana numfashi, don mi za ki shaƙe ta?"

"Baffa, wuri kaɗan ne. Don mu san abin da ke tafe."

"Abin da ke tafe Allah ya sani. Ita wannan ƙasa ba ta yi miki komai ba. Ki auna numfashinta iyakar son ranki, ba zan hana ba. Amma ba za a zuba mata guba ina kallo ba."

Balkisa ta sunkuyar da kai. Na san malaminta ya riga ya amince da aikin, damina kuma ba ta jira, idan ta wuce sai wata shekara. Na kuma san yadda yarinyar nan ta sha wahala kafin ta kai inda ta kai. A gefen gabas na kurmin akwai wani lungu da Baba ya ba ni ina saurayi in dasa mangwaro. Mangwaron bai kama ba, amma sunan ya zauna, kowa yana ce masa gefen Idi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya, to ta yi a gefena."

Ya dube ni kamar bai gane ni ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kakkaɓe rigarsa ya miƙe.

"Gefenka ne, Idi. Ka yi yadda ka ga dama."

Daga ranar ya daina biyowa gidana ranar kasuwar Gaya, shi da bai taɓa shigowa gari ya koma bai ci tuwon Hajara ba. Idan muka haɗu a wurin jana'iza ko suna, zai amsa gaisuwata a taƙaice ya juya. Amma ku ji irin mutumin da Baffanku yake. Da Balkisa ta nemi sauka a gidan wata ƙawarta a ƙauyen, aika mata ya yi cewa ɗiyarsa ba za ta kwana gidan wani ba yana raye. A gidansa ta yi daminar nan duka. Yana ajiye mata zuma, yana tambayarta ko ta ci abinci. Maganar aikinta kawai ce ba ya yi, kuma ba ya bi ta gefen gabas.

Ta shata 'yan filayenta da igiya, ta kafa guntayen tiyon nan a ƙasa. Wasu filayen tana ba su ruwa zalla, wasu mai ɗan tsami, wasu mai tsami sosai, da arozuwa, butar ban ruwa irin ta 'yan garka. Da safe sai ta rufe bakin tiyo da akwatin nan nata, ta tsuguna tana kallon lambobi suna hawa. Ta kuma kafa wani kwano a kan turke a fili, tana tarar ruwan sama na gaske don ta auna shi shi ma. Lokaci lokaci takan ɗebi ƙasa a 'yan ledoji ta aika Yamai da motar kasuwa. Farkon abin mutanen ƙauye dariya suke yi, suna cewa ɗiyar Idi tana sauraren cikin ƙasa kamar ungozoma.

Dariyar ta ƙare a tsakiyar damina. Lokacin da komai ya yi kore shar, ɗorawar Baba ta fara yin rawaya. Ganyenta ya soma zuba daga sama, rassa suka fara fitowa tsirara. Tsakaninta da filayen Balkisa akwai 'yar tazara, amma ba mai yawa ba, mutum yana tsaye a nan zai yi magana da na can ba tare da ya ɗaga murya ba. Nan da nan magana ta bazu, kuma ba ta bazu yadda take ba. Aka ce ɗiyar mai batir ta kwaso ruwan batir na ubanta jarka jarka tana tuttulawa a daji. Mata suka daina shiga tsinkar ganyen miya. Makiyaya suka kauce da shanunsu. Wata akuya ta mutu a ƙauye, aka ce a kurmi ta yi kiwo. Zumar Yaya da ake rububinta, aka fara dawo masa da ita. Wata safiya Balkisa ta je ta tarar an tumɓuke mata wasu tiyo an watsar cikin ciyawa. Ta tsince su ta mayar, ba ta faɗa wa kowa ba sai daga baya.

Maganar ta iso har tasha. Direbobi suna tsokanata, wai mai batir ya aika ɗiyarsa ta yi wa daji caji. Ina yin dariyar yaƙe. A gida kuma innarku ta daina cin abinci sosai.

"Malam, ka je ka dawo mini da ɗiyata," ta ce. "Karatun nan ya isa haka. Yarinya ce mace, idan suna ya ɓaci a ƙauye, har gari zai biyo ta."

"Idan na dawo da ita yanzu, kowa zai ce gaskiya ne."

"To idan gaskiyar ce fa?"

Ni ma tambayar da ke cina ke nan. Na san takardar nan ta nuna mini launi ɗaya da ruwan tsamiya. Amma kunu sau ɗaya ake sha, ita kuwa Balkisa tana ta zubawa mako bayan mako. Kuma ni na san asid yana da haƙuri, yana cin abu a ɓoye har sai ranar da ka ɗaga shi ya rabe biyu.

Da mai gari ya aiko cewa yana son ganina, na tafi da wuri don in fara ganin Balkisa. Na same ta a gefen gabas, ta rame, idanunta sun faɗa. Muka taka zuwa gindin ɗorawar. Busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin takalmanmu, a watan da bai kamata a ji wannan ƙara ba.

"Balki, ni ubanki ne, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Ruwanki ne?"

Ta ɗaga kai ta dubi rassan.

"Baba, a iya sanina ba shi ba ne. Abin da nake zubawa bai kai ya ratsa har nan ba, kuma itatuwan da suka fi kusa da filayen lafiyarsu ƙalau. Amma ba zan rantse maka ba, don ban ga cikin itacen ba. Idan ka ce in bari, yau zan tattara kayana."

Da ta rantse mini, wataƙila da na yi shakka. Wannan rashin rantsuwar ne ya tsayar da ni. Na ce mata ta ci gaba da aikinta.

A ƙofar mai gari an taru, dattawa a kan tabarmi, Yaya Garba a gefe yana jan carbi bai ɗago ba. Aka yi ta magana, wasu da hankali, wasu da zafi. Balkisa ta yi bayani, ta nuna takardar launi, amma wanda ya ga itace yana mutuwa ba takarda yake son gani ba. Mai gari ya ce mafi sauƙi a dakatar da aikin. Sai na nemi izini na yi magana. Na ce a bar ta ta kai ƙarshen damina. Idan aka tabbatar ruwanta ne ya kashe ɗorawar, ni Idi na bar wa Yaya rabona na kurmin gaba ɗaya, ni da 'ya'yana ba za mu sake sa ƙafa a ciki ba. To, kun ji inda maganar gado ta samo asali. Ni na faɗe ta, a gaban mutane, kuma ba don an nema ba. A lokacin ne Yaya ya ɗago, ransa a ɓace fiye da yadda na taɓa gani.

"Na ce maka ina son rabonka ne? Itacen ubanmu yana mutuwa, kai kana maganar rabo?"

Ya tashi ya bar wurin. Mai gari ya ce tunda uban yarinya ya ɗora wuyansa, a bar ta, amma kada ta ƙara ko fili ɗaya. Balkisa ta roƙi a kira ma'aikacin kula da daji. Ya zo bayan 'yan kwanaki, ya zagaya itacen, ya ƙwanƙwasa, ya ce yana zargin ciwo a ciki amma ba zai iya tabbatarwa ba sai an sare. Yaya ya ce babu mai sa wa ɗorawar Baba gatari tana tsaye. Haka aka bar maganar a rataye.

Sauran daminar nan ban ji daɗinta ba. Ina aiki hankalina yana ƙauye. Har ƙona hannuna na yi, ni da na yi shekara da shekaru rabona da irin wannan ganganci, tabon yana nan a bayan babban yatsana. Ba asarar kurmin ce ta fi damuna ba. Abin da nake tunani shi ne, idan ta tabbata, yaya Balkisa za ta ɗauki wannan a ranta har tsufanta, kuma da wane ido zan dubi yayana.

Dab da ɗaukewar ruwa, gero ya fara nuna, aka yi wata iska mai ƙarfi bayan la'asar. A Gaya ta kwashe kwanon rumfuna da dama, har da gefen tawa. Washegari da hantsi ina tattara kwano sai tarhona ya yi ƙara. Yaya ne, wanda tun farkon damina bai kira ni ba.

"Idi, ka zo. Ɗorawa ta faɗi."

Ya katse kiran. Hanyar Bana ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Ina tuƙi ina addu'a, ban ma san abin da nake roƙo ba. Na isa na tarar da rabin ƙauye a kurmi. Itacen yana kwance, ya danne wata ƙaramar kanya, ya karye daga ƙugu. Mutane suka dare mini. Da na matsa sai na ga abin da kowa ke kallo. Cikin ɗorawar rami ne. Ɓawo ne kawai da ɗan nama a gefe suke riƙe da ita, tsakiyar duk ta zama gari ja mai laushi, gara ta yi hanyoyi a ciki har sama, wasu hanyoyin sun tsufa sun yi baƙi. Yaya yana tsugune a wurin. Ya tura hannunsa cikin ramin har kafaɗa, ya damƙo garin ya buɗe tafinsa a gaban mai gari.

"Ku duba da kyau," ya ce. "Wannan ciwon ya girmi karatun yarinyar nan. Ba aikin damina ɗaya ba ne. 'Yan shekarun nan kalwarta raguwa take yi, ina cewa tsufa ne."

Wani dattijo ya ce a duba saiwa tukuna. Yaya da kansa ya karɓi fartanya ya tona ta ɓangaren da ke fuskantar filayen Balkisa. Ya sari wata saiwa ya ɗaga. Fara ce tas, da danshinta, tana fitar da ruwa. Ya miƙa wa dattijon, ya bi hannu hannu har ya zagaye taron.

Balkisa tana tsaye a bayan mata. Sai kawai na ga ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni ma na zauna a kan reshen itacen da ya faɗi. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke. Ina jin mutane suna ta salati, wasu matan suna cewa su dama ba su yarda ba. Ban ji haushin kowa ba. Iska kawai nake shaƙa, kamar wanda aka tsamo daga kogi. Yaya ya zo ya zauna kusa da ni a kan reshen. Can ya ce in kira Hajara in faɗa mata, kada ta ji a bakin wani. Da na kira ta, ba ta bari na gama ba ta fashe da kuka, tana cewa alhamdu lillahi, sannan ta ce in tambayi Yaya ko yana da sauran zuma.

Kada ku ɗauka labarin ya nuna Yaya ne ya yi kuskure. Bayan girbi Balkisa ta dawo daga Yamai da sakamakon aikinta, ta zaunar da mu biyu a zauren Baffanta ta faɗa mana komai, ba ta rage ba. Filayen da ta ba ruwa mai tsami sosai, numfashinsu ya ragu a fili. Ganyen da ya zube a kansu bai ruɓe ba, yana nan kwance kamar tsohuwar fata, tsutsar ƙasa, wato tana, ta gudu daga wurin, kuma a ƙasar da ta aika aka ga anzim ɗin nan masu narkar da ganye sun yi sanyi. Filayen da suka sha mai ɗan tsami kuwa kusan babu abin da ya same su, ƙasar ta shanye tsamin, kamar yadda 'yar kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya. Ruwan saman da ta tara a kwano kuma, ta ce babu tsamin da zai tayar da hankali a cikinsa, har yanzu ruwanmu lafiyayye ne. Wannan ma wani sauƙi ne da ban san ina jiransa ba. Sannan ta juya ga Yaya.

"Baffa, gaskiyarka. Inda na matsa mata, ta shaƙe."

Na zaci zai ce ai ya faɗa. Bai ce ba.

"To yanzu kin sani, mu ma mun sani. Saura ki warkar da inda kika raunata."

Tare suka yi. Shi ya riƙa tara tokar murhun gidansa, ya kawo takin awaki, suka barbaɗa a filayen, suka rufe da ganyen da suka kwaso daga tsakiyar kurmi. Ni aikina ɗaukar buhu ne.

Da damina ta zagayo, Balkisa ta riga ta gama karatu, amma ta aro akwatin nan daga jami'a ta zo. Muka tafi mu uku gefen gabas da safe, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Ciyawa ta rufe filayen, sai da ta laluba kafin ta gano tiyon da ta bari a wanda ya fi shan tsami. Ta kife akwatin ta tsuguna. Yaya, wanda bai taɓa yarda ya kalli abin nan ba, ya tsuguna kusa da ita da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Lambobi suka fara hawa. Bai iya karanta su ba, sai yake kallon fuskarta.

"Mi ta ce?"

"Ta kusa kamo 'yan uwanta, Baffa. Saura kaɗan."

Ya tura yatsunsa ƙarƙashin ganye, ya ɗebo ƙasa, ya kai hanci. Wata tanar ƙasa ta fito tana murɗawa a tafinsa. Ya mayar da ita a hankali ya rufe ta da ganye, ya ce ƙasa ta yafe mana. Na miƙa masa hannu ya tashi. Ya tsaya yana kakkaɓe gwiwa, yana kallon akwatin ta gefen ido, kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa.

"Ɗiyata, wannan abin naki, a daji kawai yake ji? Akwai wani gefe a gonata ta tudu da gero ya ƙi shekara biyu. Ko za ki saurara mini ita?"

"Mu je yanzu, Baffa, tun rana ba ta yi zafi ba."

Suka kama hanya, shi a gaba yana nuna mata da sanda, ita a baya rungume da akwatin. Babu wanda ya waiwayo ya ce in taho. Na tsaya ni kaɗai a gefen Idi ina jin muryoyinsu suna nisa, yana yi mata gardama tana dariya. Sai na ɗauki jakar da ta manta a gindin kanya, na rataya a kafaɗa, na bi bayansu.